Finafinan kaboyi da zafin zuciyar maza: shin hoton na adalci ne?

"Malam, barka da aiki. Maigidana mutum ne mai son tsofaffin finafinan kaboyi, irin na su John Wayne, tun yana yaro yake kallonsu. Yanzu ya tara su a kwamfuta, duk ƙarshen mako sai ya zauna da yaranmu maza biyu, ɗaya shekara 9 ɗaya 13, su yi ta kallo. A ganinsa finafinan suna koya wa yaro zama namiji: ba ya tsokanar kowa, kuma ba ya bari a taka shi. Ni kuwa harbi da naushi kawai nake gani. Shin yadda waɗannan finafinai suke nuna faɗa da zafin zuciyar maza akwai adalci a ciki? Ko in sa baki a daina?"

Hajiya, na gode da tambaya. Aikina koyar da nazarin fim ne, kuma finafinan kaboyi suna cikin abin da nake sa ɗalibai su kalla, don haka gardamar da kuke yi a gida ba baƙuwa ba ce a wajena. Tambayarki biyu ce a haɗe. Ta farko, shin abin da fim ɗin yake nunawa ya yi daidai da yadda faɗan maza yake a zahiri? Ta biyu, in bai yi daidai ba, yana bin yaro har ya taɓa masa tunani ko hali? A ta farko amsata a'a ce, hoton ba na adalci ba ne, sai dai ba yawan harbin ne ya ɓata shi ba. Abin da ya ɓata shi, an gina labarin ne yadda duk harbin da jarumi ya yi sai ya faɗa daidai. Ta biyun ta fi wuya, za mu zo kanta.

Abin da maigida ya gani

Bari in fara ba shi gaskiyarsa, don yana da ita. Jarumin tsohon fim ɗin kaboyi, musamman daga 1939 zuwa farkon shekarun 1960, ba mai neman rigima ba ne. Mai cika baki da zare ido a mashaya shi ne bos, ko yaron bos. Akta kuwa shiru gare shi. A cikin Shane na 1953, jarumin ya shiga mashaya don ya sayo wa yaron gidan da yake wa aiki lemon kwalba, wani ya tare shi da ba'a, har ya watsa masa barasa a sabuwar riga. Shane ya kalle shi, ya juya ya fita, alhali mu masu kallo mun san ya fi ƙarfin duk wanda ke wurin. Manoma suka ji labari suka ɗauke shi matsoraci, bai ce uffan ba. A High Noon na 1952, Gary Cooper ya fito a ɗan sandan gari da ya bi gida gida yana neman wanda zai taya shi, kowa ya zame, tsoro ya kama shi har ya zauna ya rubuta wasiyya. Mai sharhin finafinai Robert Warshow ya rubuta a 1954 cewa abin da ke jan mutane ga kaboyi kamun kansa ne a gaban tashin hankali, ba tashin hankalin ba.

Wanda ya tashi da hadisin da ya ce mai ƙarfi ba shi ne mai kayar da mutane a kokawa ba, mai ƙarfi shi ne mai mallakar kansa lokacin fushi, zai ji kamar finafinan nan suna gaskata shi. Suna gaskata shi, amma har zuwa minti goma na ƙarshe kawai. Haƙurin da jarumi ya yi ta yi, fim ɗin yana tara shi ne don ya halatta harbin da ke tafe, kuma mai kallo ya san haka tun farko. Shi ya sa in an watsa wa akta barasa yara ba sa cewa "madalla da haƙuri", sai dai su ce "zai gane kurensa".

Inda aka yi wa labarin dabara

Akwai abin da nake yi wa ɗalibai in muna kallon Shane. Dab da faɗan ƙarshe sai in tsayar da fim ɗin in ce: ta yaya muka san wannan ɗan bindigar haya, Wilson, ya cancanci mutuwa? Sai su ce ai mun gani da idonmu. Haka ne. Kyamara ta kai mu gaban mashaya, mun ga Wilson a tsaye kan dakalin katako yana sa baƙar safar hannu, yana tsokanar wani ɗan ƙaramin manomi mai fankama har ya sa shi kai hannu ga bindiga, sannan ya harbe shi ya faɗa cikin taɓo. Shane ma ba ya wurin, mu ne shaidu. Marubuci ya ba mu yaƙini kyauta. A rayuwa babu mai samun wannan. Faɗan maza na gaske da "an ce ya ce" yake farawa, da zargi, da kallon da aka yi wa mummunar fassara, da bashin da kowa ke da nasa lissafin.

Sannan marubuci ya kawar da duk wata hanya. Hukuma tana da nisan tafiyar kwanaki, ko an saye ta, ko matsoraciya ce. Sulhu an gwada ya ƙi. Harsashin akta ba ya kuskure, ba ya samun yaron da ke wucewa. Wanda aka harba ba shi da uwa da za a nuna tana kuka, kuma da ya faɗi rigima ta ƙare, babu ƙani ko ɗa da zai taso neman fansa bayan shekara biyar. Akwai kuma hannun masu tace finafinai. Daga 1934 zuwa 1968 masana'antar Hollywood tana bin wata ƙa'ida da ta hana nuna kisa dalla-dalla, ta kuma hana mai laifi ya ci riba. An yi ta ne don kare tarbiyya, amma abin da ta haifar shi ne mutuwa mai tsabta: mutum ya dafe ciki, ya sulale, ko ɗigon jini babu. Daraktan Shane, George Stevens, ya ga yaƙi da idonsa, yana cikin waɗanda suka ɗauki hoton Dachau, sansanin azabtarwa na 'yan Nazi a Jamus, a 1945, kuma wannan tsabtar ta dame shi. Shi ya sa ya ƙara ƙarar bindiga, ya sa aka ɗaura wa ɗan wasan igiya aka fizge shi baya lokacin harbin. Irinsa ba su da yawa.

Ki lura kuma da wanda ake bai wa maganar zaman lafiya ya faɗa. Kusan kullum mace ce, ko malamin coci, ko mai shago, kuma kusan kullum labarin ƙaryata su yake yi. Amaryar ɗan sandan High Noon addininta ya hana ta ɗaukar makami, ta riga ta rasa uba da ɗan'uwa ta hanyar bindiga, amma fim bai ƙare ba sai da ta harbi mutum ta baya don ceton mijinta. Wannan ma zalunci ne ga maza su kansu. Manomin da ya ce shi yana da iyali ba zai shiga faɗa ba, an mai da shi abin kunya, alhali irinsa ne mafi yawan maza a ko'ina, kuma su ne suka gina garuruwan.

Abin da ya fi damuna ke nan. Duk namijin da ya ɗaga hannu, wanda ya mari matarsa da wanda ya zaro wuƙa a majalisa, in kika saurare shi zai ce ya daɗe yana haƙuri, an kai shi bango, babu yadda zai yi. A cikin kansa shi ne akta, babu mai ɗaukar kansa bos. Fim ɗin kaboyi yana ɗaukar wannan labarin da mai duka yake ba kansa, ya cire masa duk shakka, ya sa masa kiɗa. Gwaje-gwajen da masanin halayyar ɗan Adam Leonard Berkowitz ya yi a shekarun 1960 sun nuna cewa mutumin da aka riga aka ɓata wa rai ya fi saurin huce haushi a kan wani in ya kalli dukan da aka ce masa wanda ya sha shi ya cancanta. Wato dukan da ake gani halal ne ya fi shiga jiki.

Yadda abin yake a tarihi

Kaboyi na gaske makiyayin haya ne. Aikinsa kora shanu daga Texas zuwa tashar jirgin ƙasa a Kansas, tafiyar wata biyu zuwa uku cikin ƙura, kamar yadda ake kora shanu a ƙasa zuwa Kurmi a zamanin da. Zamanin wannan kora bai wuce shekara ashirin ba, daga wajen 1866 zuwa tsakiyar shekarun 1880. Abin da yake tsoro ƙetare kogi ne, da faɗuwa daga doki, da garke ya firgita cikin dare. Da yawansu 'yan Meziko ne da baƙaƙen fata, waɗanda tsofaffin finafinan suka share kusan gaba ɗaya.

Masanin tarihi Robert Dykstra ya bi bayanan garuruwan shanu biyar na Kansas, wato Abilene, Ellsworth, Wichita, Dodge City da Caldwell, ya sami kisan kai 45 tsakanin 1870 da 1885. Akwai fim guda da ke kashe fiye da haka. Wasu masana, irin su Randolph Roth, sun ce kada a ruɗu da ƙanƙantar adadin, don garuruwan ƙanana ne, in aka auna da yawan jama'a haɗarin yana da girma ƙwarai. Duka biyun gaskiya ne. Wurin yana da haɗari, amma kamannin haɗarin daban ne da na fim. Samari ne marasa aure, da kuɗin aiki a aljihu, da barasa da caca. Ƙidayar 1850 a Kalifoniya, lokacin rububin zinare, ta nuna fiye da tara cikin goma na waɗanda aka ƙirga maza ne. Kisan da ake yi yawanci na maye ne da na kwanton ɓauna. Fito-na-fiton nan da mutum biyu suke tsayawa a tsakiyar titi kowa na jiran ɗan'uwansa ya zaro, abu ne mai wuyar samu. Wanda aka fi ambata shi ne na Wild Bill Hickok da Davis Tutt a 1865, kuma shi Hickok ɗin ta ƙeya aka harbe shi yana wasan karta a Deadwood a 1876. Shahararren ɗan fashi Jesse James ma ta baya wani ɗan ƙungiyarsa ya harbe shi a 1882.

Mutanen garuruwan kuma ba su ɗauki bindiga abin ado ba. Dodge City da Wichita da Tombstone duk sun hana yawo da makami a cikin gari, baƙo in ya shigo sai ya ajiye. Shahararren artabun O.K. Corral a Tombstone na 26 ga Oktoba 1881, wanda aka yi ta maimaitawa a fim, ya tashi ne lokacin da aka je karɓe makaman waɗanda suka karya wannan dokar. Bai wuce kusan daƙiƙa 30 ba, mutum uku suka mutu. Shi kansa labarin Shane ya jingina da rikicin gundumar Johnson a Wyoming a 1892, inda manyan masu shanu suka ɗauko 'yan bindigar haya don kawar da ƙananan masu filaye. A can babu baƙon da ya zo ya gyara komai da harbi uku. Sojoji ne suka zo, maharan suka tsira, kuma babu wanda kotu ta hukunta a cikinsu.

Waɗanda aka daka ba a nuna ba

Mafi girman tashin hankalin wancan zamani a kan 'yan asalin ƙasar ya faɗa, waɗanda masu kallon silima suka sani da jajayen Indiyawa. A Sand Creek a 1864 dakarun Kanar John Chivington sun afka wa zangon ƙabilun Cheyenne da Arapaho, yawancin waɗanda aka kashe mata ne da yara da tsofaffi. A Wounded Knee a 1890 sojoji sun kashe 'yan Lakota fiye da ɗari biyu. Amma a fim irin Stagecoach na 1939 su ne mahara marasa suna, suna zubowa daga kan dawaki ana tafi. Wata mai bincike, JoEllen Shively, ta nuna wani fim ɗin John Wayne, The Searchers, ga maza 'yan asalin ƙasar da maza Turawa, ta buga sakamakon a 1992. Duka ɓangarorin biyu John Wayne suka bi, har waɗanda kakanninsu ne ake harbi a majigin. Ƙarfin kyamara ke nan, wanda ta manne wa shi mai kallo yake zama.

Dukan mata kuwa, in mugu ya yi laifi ne, in akta ya yi wasa ne. A McLintock! na 1963 John Wayne ya bi matarsa cikin gari, ya kife ta a cinya ya zane ta da ƙaramin shebur a gaban jama'a ana dariya, kuma a haka aure ya gyaru. Ki haɗa wannan da rahoton ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da laifuka na 2019: kusan kashi 90 cikin ɗari na masu kisan kai a duniya maza ne, kusan kashi 80 na waɗanda ake kashewa ma maza ne, amma fiye da rabin matan da aka kashe a 2017 miji ne ko saurayi ko ɗan'uwa ya kashe su. Wannan ɓangaren na zafin maza, na cikin gida, tsohon fim ɗin kaboyi bai san da shi ba.

To, yana bin yaro?

A nan sai a yi taka-tsantsan. Kwaikwayo dai babu musu. Albert Bandura ya nuna tun 1963 cewa yara suna maimaita dukan da suka gani a fim a kan 'yar tsana. Kuma wannan bai tsaya a Amurka ba. Silimomin Kano irin su Rex da Palace da Plaza sun nuna kaboyi tare da na Indiya da na Sin. A Kinshasa a shekarun 1950 samari sun kafa ƙungiyoyin unguwa da suka ari sunan Buffalo Bill, shahararren mai wasan kaboyi, da shigarsa. A Nijar, Moustapha Alassane ya yi fim a 1966, Le Retour d'un aventurier, a kan saurayin da ya dawo daga tafiya da akwatin kayan kaboyi ya raba wa abokai, suka ɗauki sunayen Turawa suka addabi ƙauye, wasa ya koma zubar da jini.

Sai dai sa hula da bindigar kara daban, zama mai mugun hali daban. Wani babban bincike a Ingila da Hilde Himmelweit ta jagoranta a 1958 ya gano cewa harbin kaboyi bai cika tsorata yara ba, don sun gane salo ne da ake maimaitawa. Rowell Huesmann da abokan aikinsa sun bi yara tun ƙarshen shekarun 1970 har suka girma, suka buga a 2003 cewa waɗanda suka fi kallon tashin hankali, musamman masu ɗaukar kansu kamar jarumin kuma suna ganin abin gaskiya ne, sun fi nuna zafin hannu a girma, har da ture matansu. Wasu masana kamar Christopher Ferguson suna ganin in an cire tasirin gida da abokai da halin da yaro ya zo da shi, abin da ya rage wa fim kaɗan ne. Masana tattalin arziki biyu ma sun gano a 2009 cewa laifukan duka sun ɗan ragu a Amurka a ranakun da jama'a suka cika silima don kallon fim mai faɗa, saboda masu zafin kan suna zaune a kujera maimakon mashaya. Kusan duk wannan bincike a kan talabijin da fim gaba ɗaya aka yi shi, kuma a ƙasashen Turawa, don haka ba ma'auni ba ne da za a ɗora kai tsaye a kan yaranki. Abin da na ɗauka daga ciki shi ne fim ba ya mai da yaro mai duka, amma yana ba shi labarin da zai kafa hujja da shi ranar da ya fusata. Yadda maigida yake yi in ransa ya ɓaci a gida ya fi duk finafinan da ke kwamfutarsa nauyi a wajen yaran.

Abin da zan ba ki shawara

Ban ga dalilin hanawa ba. Uba da 'ya'yansa suna zama wuri guda duk mako, wannan ba abin rusawa ba ne, kuma in kin hana wannan, abin da ke cikin waya ya fi shi muni nesa. Gara a gyara zaɓi. McLintock! a ajiye shi. Na Italiya da suka biyo baya, irin na Sergio Leone daga 1964 da Django na 1966, da kuma na Amurka The Wild Bunch na 1969, ba na ɗan shekara 9 ba ne. The Searchers na 1956 ya dace da babban in uban yana kusa, don a nan John Wayne ya fito a mutumin da ƙiyayya ta cinye har yana neman kashe 'yar ɗan'uwansa saboda ta zauna da ƙabilar Comanche, kuma fim ɗin bai wanke shi ba.

Ki riƙa zama da su wani lokaci, ba da wa'azi ba, da tambaya ɗaya ko biyu bayan an gama. Wanda aka harba ɗin nan, wa zai kai wa iyalinsa labari? Da a ce akta kuskure ya yi fa? Me ya sa Shane bai zauna a garin ba bayan ya yi nasara? Ta ƙarshen nan fim ɗin da kansa ya amsa ta, don Shane ya gaya wa yaron cewa wanda ya yi kisa ba ya komawa yadda yake. Babban kuma za a iya ba shi labarin Audie Murphy, wanda ya yi finafinan kaboyi da yawa bayan ya dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu cikin sojojin Amurka mafiya lambobin yabo. Ya yi shekaru yana fama da mugayen mafarkai da rashin barci, yana kwana da bindiga ƙarƙashin matashi, kuma ya fito ya faɗa a bainar jama'a. John Wayne kuwa bai je yaƙin ba.

Ni malamin fim ne, ban ga yaranki ba. In kin lura babban yana dukan ƙaramin da sunan ladabtarwa, ko ana kawo ƙararsa daga makaranta a kai a kai, ko yana jin daɗin cutar da dabba, wannan ya wuce maganar fim, sai a zauna da malamansa da wanda ya san halayyar yara. In babu ko ɗaya, ki ce wa maigida ya nemo The Gunfighter na 1950, wanda Gregory Peck ya fito a ciki. Labarin ɗan bindiga ne da ya gaji, ya zo wani gari yana roƙon a bar shi ya ga matarsa da ɗansa, kusan duk fim ɗin yana zaune a mashaya yana duban agogo, ga wani matashi mai neman suna yana kewaya shi. Harbin da ke ciki kaɗan ne, ƙaramin zai iya yin gyangyaɗi, amma babban ya isa ya bi shi har ƙarshe.